Kafin Mu Buga Maka, Faɗa Mana Abin da Kake Cewa

Shagonmu yana kan Titin Gwarzo a Kano, ba nisa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. A allon ƙofa mun rubuta buga takardu, fotokwafi, bayindin da gyaran rubutu. Yara biyu suna kan kwamfuta, ɗaya yana kan injin fotokwafi da haɗa kundi, ni kuma ina teburin ciki da jan biro. Fotokwafi da bayindin su ne ke biyan haya da man janareta, amma gyaran rubutu ne ya sa ɗalibi ke kwatanta wa ɗan uwansa shagon.

Kasuwarmu tana bin kalandar makaranta. Ƙarshen zango ba ma samun sukunin cin abinci a zaune, lokacin hutu kuwa sai fom ɗin neman aiki da katin biki. A 2022, da jami'o'i suka yi wata takwas a rufe saboda yajin aiki, da katin biki muka riƙe shagon.

Yawancin masu zuwa teburina magana ɗaya suke yi: "Malam, a gyara min Turancin, supabaiza ya dawo da shi." Sai in buɗe takardar, in ga inda malamin ya ja layi. Sau da yawa ba nahawu ya zagaye ba. Alamar tambaya ce babba a gefen gabatarwa, ko ya rubuta cewa bai ga abin da ɗalibin ke son tabbatarwa ba. Turanci yana gyaruwa cikin yini ɗaya. Abin da ya ɓata shi ne jumlar matsaya, wato jumla ɗaya ko biyu da marubuci ke faɗin abin da ya tsaya a kai, wanda sauran shafukan duka za su zo su kare. In babu ita, ko na goge kowane kuskure na saka kowace waƙafi a wurinta, takardar za ta sake dawowa.

Wani ɗalibin tarihi ya taɓa kawo mini maƙala a kan dalar gyaɗa ta Kano. Ya yi karatu, ba laifi. Ya kawo isowar layin dogo Kano a 1911, da yadda cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912 alhali Turawa auduga suka sa rai da ita don masaƙun Ingila. Ya kawo Alhassan Ɗantata, ya kawo hukumar sayen amfanin gona, ya kawo farin farkon shekarun 1970 da annobar cutar gyaɗa ta 1975, ya kawo kuɗin man fetur. Komai yana nan a jere tiryan-tiryan. Jumlar ƙarshe ta gabatarwarsa kuwa cewa take, wannan maƙala za ta tattauna tarihin dalar gyaɗa da dalilan ɓacewarta.

Na kife takardar a kan tebur, na ce masa, "Ƙanena, bar Turancin nan. Faɗa min da Hausa, me ya kashe dalar gyaɗa?"

Ya ce, "Abubuwa ne da yawa, Malam."

Na ce, "Na sani. A cikinsu wanne ne kai ka fi ɗora wa laifi?"

Ya yi shiru yana juya hular biro a hannunsa. Can sai ya ce shi a ganinsa fari da cuta sun tarar da manomi ya riga ya gaji ne, domin farashin da hukuma ke sayen gyaɗarsa bai kai abin da ake sayar da ita a waje ba, shi ya sa da ruwa ya dawo mutane ba su koma mata kamar da ba. Na tura masa farar takarda na ce ya rubuta abin da ya faɗa, kada ya ƙara masa ado. Wannan ita ce matsayarsa. Tana cikin kansa tun farko, tsoron kada a ce ya yi kuskure ne ya sa ya ɓuya a bayan "za ta tattauna".

Ko ya yi daidai ko bai yi ba, wannan tsakaninsa da malaminsa ne da hujjojin da zai kawo. Abin da ya dame ni shi ne yanzu wani zai iya tashi ya ce masa ban yarda ba, man fetur ne ya janye hankalin gwamnati da na matasa daga gona. Da wannan nake auna kowace jumlar matsaya. In ba wanda zai iya musa ta, to bayani ne kawai. "Kano ta shahara da gyaɗa" gaskiya ce, amma ba wanda zai ja da kai a kanta, don haka ba abin da za ka kare a shafi goma sha biyar. Haka nan in ta yi faɗi da yawa, irin "noma shi ne ƙashin bayan tattalin arziki", ba ta nuna wa marubuci abin da zai saka da abin da zai bari.

Nakan tuna musu da zaman kotu. Mai ƙara ba ya tsayawa gaban alƙali ya ce ya zo ne ya tattauna batun gona. Cewa yake gonar nan tawa ce, na gaje ta, ga shaiduna. Da'awa tana gaba, shaidu suna biye, kuma ba a kiran shaidar da ba ta da alaƙa da da'awar. Da ɗalibin nan ya samu tasa jumlar, da kansa ya cire shafi biyu a kan tarihin Ɗantata, masu daɗin karatu amma ba sa taimaka wa abin da yake cewa, ya faɗaɗa sashen farashi. Ni ban ce ya cire ba.

Masu furojet na shekarar ƙarshe su ne suka fi rikicewa, saboda tsarin babi biyar yana da gurabe da yawa da suka yi kama da juna. Akwai take, akwai bayanin matsalar bincike, akwai manufa, akwai tambayoyin bincike. Ɗalibi yakan cike su duka ya ɗauka ya gama. Take yana faɗin filin da za ka shiga. Manufa tana faɗin abin da ka yi niyyar yi. Tambaya tambaya ce. Matsaya ita ce amsar da ka samo, a taƙaice, tare da dalilinta. A binciken da ake raba takardun tambayoyi ko ake gwaji a ɗakin kimiyya, amsar ba ta nuna sai bayan babi na huɗu, shi ya sa nake ce musu su rubuta ta da fensir tun farko, su dawo su gyara in sakamako ya saɓa mata.

Ɗaya ɓangaren aikin shi ne gano matsayar wani, kuma a babi na biyu ake ganin wanda ya iya. Bitar ayyukan magabata a wurin da yawa ta zama jerin sunaye da shekaru: wane ya yi rubutu a kan kaza, wance ta yi nazari a kan kaza. To me suka ce? Nakan sa ɗalibi ya buɗe maƙalar a wayarsa mu duba tare. Mu karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙalar, mu tsallaka zuwa sakin layi na ƙarshe na gabatarwa, domin nan ta fi zama. Mu nemi inda marubucin ya gama kawo maganar wasu ya juya da "amma" ko "sai dai" ko "duk da haka". Abin da ya biyo bayan juyin nan galibi shi ne nasa. Daga nan mu je kammalawa mu ga ko ya maimaita shi da wasu kalmomi. In wuraren biyu sun yi daidai, mun kama ta. Akwai marubutan da ba sa faɗinta a fili, musamman a nazarin adabi, to nan sai ka karanta jumlar farko ta kowane sashe ka tambayi kanka, duk waɗannan ina suka dosa? Sai ɗalibi ya rubuta amsar da bakinsa a layi ɗaya. Wanda ya yi haka ba ya fargabar Turnitin, manhajar da ake gano satar rubutu da ita, don ba abin da ya kwafo.

Akwai aikin da ba ma karɓa. Kusan kowane mako sai wani ya zo ya rage murya ya ce, "Oga, nawa za a haɗa min gaba ɗaya?" Kuɗin ya fi na fotokwafin kwana da kwanaki, kuma na san akwai inda ake yi. Ba ma yi. Ranar difens, wato ranar da ɗalibi ke kare aikinsa, ba ni zan tsaya gaban malamai ba, kuma tambayar farko da ake yawan yi ita ce ka faɗi abin da ka gano a taƙaice. Wanda aka rubuta wa a nan yake fara kame-kame. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito a ƙarshen 2022 kuma, wani sabon nau'in takarda ya fara zuwa mini: Turanci sumul, ba kuskure ko ɗaya, kowane ɓangare an ba shi haƙƙinsa, amma ka karanta har ƙarshe ba ka san inda mai takardar ya tsaya ba. Irin wannan ta fi ba ni wahala a kan mai kurakurai, domin mai kurakurai aƙalla akwai mutum a cikinta da zan yi wa tambaya.

Buga takarda da gyaran nahawu da shafi muke lissafa su. Zaman da nake yi da ɗalibi a kan matsayarsa ba ya lissaftuwa da shafi, wani minti goma ya ishe shi, wani sai ya je ya kwana ya dawo, don haka kuɗin zama ɗaya muke karɓa komai tsawonsa. Yaran shago ma sun san ƙa'ida: in kundi ya bi ta teburina, ba a kai shi bayindin sai an ɗora shafin gabatarwa kusa da shafin kammalawa an karanta su tare. In babi na ɗaya ya ce farashi ne, babi na biyar kuma ya ce fari ne, muna kiran mai shi a waya ya zo ya daidaita su kafin a sa bango.