Yadda na kwance tsofaffin fayilolin LZH ba tare da sunayensu sun lalace ba

Aikin da ke gabana shi ne kwance wasu fayiloli masu ƙarshen .lzh da aka kwafo daga wani faifan CD na shekarun 1990. Haruyasu Yoshizaki ne ya fito da wannan tsarin matse fayil a Japan a 1988, ya kuma yi tashe a can da kuma a kwamfutocin Amiga.

Kafin komai na yi kwafi, na ajiye na asali gefe. Sai na buga `file tsoho.lzh`, domin ƙarshen suna ba abin dogaro ba ne, kowa na iya canza shi. Amsar ta nuna LHa ne, nau'in lh5. Mai son gani da idonsa ya buga `xxd -l 16 tsoho.lzh`, daga baiti na uku zai ga -lh5- a rubuce ƙarara. In -lh0- ya gani, ba a matse fayil ɗin ba, zuba shi kawai aka yi.

A Debian (wani nau'in Linux) na saka manhajojin kwance fayil guda biyu: lhasa, mai umarnin `lha`, da unar. Na fara da `lha l` don ganin abin da ke ciki, sannan `lha t`, wanda ke gwada CRC (lambar tantance ko fayil ya lalace) na kowane fayil ba tare da ya rubuta komai a faifai ba. Guda biyu suka faɗi gwajin. Irin wannan sau da yawa laifin FTP ne, wato hanyar tura fayil tsakanin kwamfutoci: an sauke fayil ɗin a matsayin rubutu, sai aka taɓa baitocin ƙarshen layi. In cire su aka yi, babu gyara, sai neman wani kwafin.

Inda na sha wuya shi ne sunaye. Na buga `lha xw=fita tsoho.lzh`, komai ya fito, amma sunayen duk shirme, har da wani fayil a cikin foldar da babu wanda ya ƙirƙira. Dalili kuwa, an rubuta sunayen ne da Shift_JIS, tsarin adana haruffan Japananci a kwamfuta, inda haruffan kanji ke cin baiti biyu-biyu. A wasu haruffan, irin su 表 da ソ, baiti na biyu shi ne 0x5C, wato alamar `\` da DOS ke raba folda da ita. Manhajar da ba ta san Shift_JIS ba sai ta sare sunan gida biyu a daidai wurin. Na so gyarawa da convmv, manhajar juya tsarin haruffan sunayen fayil, daga baya, a banza, tunda baitin ya riga ya tafi.

Na goge foldar na sake lale. `lsar -e cp932 tsoho.lzh` (lsar yana zuwa ne tare da unar, CP932 kuwa faɗaɗɗen nau'in Shift_JIS ne) ya nuna sunayen lafiya lau, sannan `unar -e cp932 -o fita tsoho.lzh`. Shi unar yakan canki tsarin haruffa da kansa, amma in sunaye gajeru ne yakan yi kuskure, shi ya sa yanzu nake faɗa masa da bakina. Waɗanda suka zo da ƙarshen .exe, masu kwance kansu, ban kunna su ba. Unar na miƙa wa su.

Sunaye sun gyaru, amma rubutun da ke cikin fayilolin yana nan da tsohon tsarinsa. `iconv -f CP932 -t UTF-8` ne ya juya shi. Da farko SHIFT_JIS na rubuta, sai iconv ya tsaya cak a kan ①, domin lambobi masu da'ira suna cikin CP932 ne, babu su a Shift_JIS na asali.