Kundayen waƙoƙin da na fi komawa gare su a 2024

Duk ƙarshen shekara nakan zauna in duba kundayen waƙoƙin da na fi saurare, kuma abin da na tarar a bana shi ne kusan dukkansu irin waɗanda ba sa yarda a ciri waƙa ɗaya daga cikinsu a watsar da sauran ne. Kiɗan da nake nufi shi ne wanda ake kira indi, wato aikin mawaƙan da ke fitar da kayansu ta hannun ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, tare da danginsa na kiɗan gita da ya kauce wa abin da gidajen rediyo ke yayi. Abokaina kan yi mini ba'a cewa ina wahalar da kunnena a kan kiɗan da ba a rawa da shi, ni kuwa na daɗe da daina kare kaina, domin abincin wani gubar wani.

Wanda ya fi ba ni wahala kafin in same shi shi ne Diamond Jubilee na Cindy Lee, sunan da Patrick Flegel na ƙasar Kanada ke waƙa da shi. A ƙarshen watan Maris ya fito, kuma ba a sa shi a Spotify ko sauran manhajojin sauraren kiɗa ba. An ɗora shi ne a YouTube a matsayin abu guda mai tsawon sa'o'i biyu, ba tare da an rarraba waƙoƙinsa 32 ba, sai kuma wani shafin intanet mai kama da na shekarun 1990 inda ake iya sauke shi. Sai da na jira garabasar data ta tsakar dare sannan na sauke shi, kuma na yi kwanaki ina jin haushin cewa ba zan iya tsallakawa zuwa waƙar da nake so ba. Daga baya na fahimci cewa wannan takurawar tana cikin aikin. Sautin kundin kamar na tsohuwar rediyo ne da ake kamo wata tasha mai nisa da ita cikin dare, muryar tana zuwa tana dusashewa, gita kuma tana tafiya a hankali kamar waƙoƙin soyayya na shekarun 1960. Mujallar kiɗa ta Pitchfork ta ba shi maki 9.1 cikin 10, abin da ya jawo masa hankalin duniya, amma ni abin da ya riƙe ni shi ne yadda ya tilasta mini zama wuri ɗaya na sa'o'i biyu, abin da rabona da yi wa wani kundi har na manta.

Duk da haka, ba shi na sa a gaba ba. Wannan matsayi na Funeral for Justice ne, na Mdou Moctar, makaɗin gita daga cikin Abzinawan Jamhuriyar Nijar, wanda kamfanin Matador na Amurka ya fitar a watan Mayu. Wataƙila kusanci ya yi tasiri a hukuncina, kuma ba zan musa ba. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta kwamfuta da waƙoƙin Hausa na wancan lokaci suka shahara da ita, kuma waƙoƙin sun bazu ne a yankin Sahel ta katin waya da bulutut, daga hannu zuwa hannu, kafin wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ji su ya shiga neman mai su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu tura waƙa a waya ya san wannan hanya sarai. Mutumin da ya fara da gitar da ya haɗa da kansa da wayoyin birkin keke, yau shi ne ke cika dandali a Turai da Amurka, yana kaɗawa da hannun hagu.

Sabon kundin ya fi kundinsa na 2021, Afrique Victime, zafi da sauri. Gangunan Souleymane Ibrahim suna gudu kamar sukuwar raƙuma, gitar Ahmoudou Madassane tana riƙe da amo ɗaya ba ta saki, shi kuma Mdou yana hawa kansu da tasa gitar har sai mutum ya ji kamar na'urar za ta kama da wuta. Ba na jin Tamashek, harshen Abzinawa, saboda haka da fassara na bi kalmomin, kuma a nan ne kundin ya ƙara girma a idona: akwai waƙar da ke fuskantar Faransa kai tsaye a kan abin da mulkin mallaka ya bari, akwai wadda ke kiran Abzinawa su riƙe harshensu kada ya salwanta a hannun 'ya'yansu. Wannan kira na biyu ya taɓa ni a matsayina na Bahaushe, duk da cewa namu harshen ba ya cikin irin wannan hatsari. An kammala naɗar kundin kafin juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, wanda ya rutsa da 'yan ƙungiyar suna rangadi a Amurka har suka kasa komawa gida na wani lokaci, amma wanda ya saurare shi a bana zai ɗauka bayan abin da ya faru aka rubuta shi.

Na uku ba na ƙaramin kamfani ba ne, sai dai babu yadda za a yi maganar irin wannan kiɗa a tsallake ƙungiyar The Cure ta Birtaniya. Songs of a Lost World ya fito ranar 1 ga Nuwamba, shekara 16 bayan kundinsu na baya, kuma ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, abin da rabonsu da shi tun 1992. Waƙoƙi takwas ne kacal. Waƙar farko tana cin fiye da minti uku kafin mawaƙinsu Robert Smith ya buɗe baki, ta ƙarshe kuma ta haura minti goma, yawancinta kiɗa ne zalla. Smith yana da shekara 65 lokacin da kundin ya fito, ya rasa iyayensa da ɗan'uwansa a shekarun da ake haɗa kundin, kuma ana jin wannan rashi a kowace waƙa ba tare da ya nemi a tausaya masa ba. Da magariba ta wuce, gida ya yi shiru, na fi saurarensa, kuma ban taɓa iya kunna shi a mota ba.

Akwai biyu da nake ɗauka kamar wa da ƙanwa, dukansu daga kamfanin Anti-: Tigers Blood na Waxahatchee, wato Katie Crutchfield 'yar jihar Alabama, da Manning Fireworks na MJ Lenderman daga garin Asheville, wanda shi ma ya kaɗa gita ya kuma yi amshi a kundin nata. Kiɗan karkarar kudancin Amurka ne a natse, kuma na Crutchfield ya fi kwanta mini, domin barkwancin Lenderman ya dogara da abubuwan rayuwar Amurka da sai an yi mini bayani kafin in yi dariya.

Romance na Fontaines D.C., 'yan birnin Dublin, shi ne wanda na fi jayayya da mutane a kansa. Sun koma kamfanin XL, sun ɗauki James Ford ya tsara musu sauti, aikin ya fito fes, ya fi na baya faɗi da ƙyalli. Na yarda rabinsa na farko yana da ƙarfi ƙwarai, amma ina kewar kaushin kundinsu na farko na 2019, lokacin da mawaƙinsu Grian Chatten ke furta kalmomi kamar mai faɗa a bakin titi. Na sa shi a jerin ne saboda sau da yawa na kama kaina ina sake kunna shi bayan na gama kushe shi.

Na Mdou Moctar kuwa, makon jiya na tura wa wani ƙanena shi ta bulutut, kamar yadda waƙoƙinsa na farko suka yi yawo, kuma ya dawo yana tambayata ko akwai wani irinsa.