Laraba a ɗakin gwaji: marke ya ruɗi na'ura

Yau ganyayen da aka zuba wa ƙwayoyin halitta na sankarar mama ranar Litinin, don a ga ko za su kashe su, suka cika awa 48, sai karanta sakamako. Guda huɗu ne: shuwaka, zogale, gwandar daji da marke. Kafin a taɓa su sai da aka kai reshen kowanne ma'ajiyar tsirrai ta NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, aka tabbatar da sunansa, don sau da yawa suna ɗaya bishiya biyu ne a kasuwa. A inuwa aka shanya su, aka daka, aka jiƙa giram 100 na kowane gari cikin metanol lita ɗaya kwana uku, aka tace, aka ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Baƙin ɗankon da ya kwanta a gindin kwalba shi aka narkar da ruwan sinadarin DMSO, wanda kada ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari a ramin farantin gwaji, in ba haka ba shi zai yi kisan a yaba wa ganye.

Ƙwayoyin iri biyu ne, MCF-7 mai amsa sinadarin istrojin da MDA-MB-231 mai taurin kai, 5,000 a kowane rami. Faranti mai rami 96 ne, amma 60 na ciki kawai muke amfani da su. Na gefe ruwan gishiri muke cikawa, don su suka fi saurin ƙafewa, balle da hunturun Abuja.

Da hantsi aka zuba MTT, sinadarin da ke nuna ƙwayoyin da suka rage da rai, aka mayar ɗakin ɗumi na digiri 37 awa huɗu. Sinadarin rawaya ne. Ƙwaya mai rai ke mayar da shi shunayya, sai na'ura ta auna kaurin launin a nanomita 570. Ramukan dokzorubisin, sanannen maganin sankara da aka sa don kwatance, sun yi fayau, alamar gwajin na aiki.

Marke ne ya zo da rigima. Inda aka fi zuba shi nan ya fi yin shuni, har ɗalibar da ke karatun ta ce, "Malam, kamar ma ciyar da su yake yi." Na ce ta leƙa madubin ƙara girma. Ƙwayoyin sun dunƙule, sun saki gindin faranti, wasu na yawo a sama. Ramukan da babu ƙwaya ko ɗaya, ganye da MTT kaɗai, su ma sun rine. Tanin ɗin da ya cika marke, mai sa baki ɗaurewa, shi ke juya launin da kansa. Magani shi ne a tsotse ruwan ganyen, a wanke ramin a hankali kafin MTT, ko a koma gwajin SRB da ke auna furotin.

Gwandar daji ta sauke launi sosai, amma ban yi saurin murna ba. Danginta na da sinadaran da ke toshe numfashin ƙwaya, MTT kuwa ƙarfin aikin ƙwaya yake aunawa, don haka wadda ta suma da wadda ta mutu duk ɗaya ne a wurinsa. Kuma sai an gwada ta a kan lafiyayyun ƙwayoyin mama, MCF-10A. Abin da ya kashe mai ciwo da mai lafiya daidai wa daida guba ne.

Gobe za a sake shuka faranti biyu na marke, ɗaya a wanke, ɗaya a bari.