Kafin ku ɗora wa Delila laifi

Duk lokacin da aka ambaci Samson a gaban matasa, sunan Delila ne ke fara fitowa daga bakinsu, sai a yi dariya, a ce mace ce ta kayar da gwarzon Isra'ila, a rufe zance. Ni ma haka na riƙe labarin tun ina yaro, kuma wannan riƙo bai tsare ni daga komai ba, domin na ɗauka darasinsa bai wuce a yi hattara da mata ba. Amma wanda ya zauna ya karanta babi na 13 zuwa na 16 na Littafin Mahukunta, a cikin Littafi Mai Tsarki, a tsanake zai tarar Delila ba ta shigo ba sai a babi na ƙarshe, kuma kafin shigowarta mutumin ya riga ya yi nisa a hanyar da ta kai shi kurkukun Gaza. Saboda haka, ƙannena da 'ya'yana, ina so ku ɗan janye ido daga kanta, ku dubi Samson kansa.

An haife shi ne a lokacin da Filistiyawa suka danne Isra'ilawa, dannewar da aka ce ta kai shekara 40. Mahaifinsa Manowa mutumin Zora ne daga kabilar Dan, mahaifiyarsa kuwa ba ta haihuwa, har ranar da mala'ika ya yi mata albishir da ɗa wanda zai zama keɓaɓɓe ga Allah tun daga ciki, wanda aska ba za ta taɓa kansa ba. Dokar keɓewa kamar yadda take a babi na 6 na Littafin Ƙidaya ta hana mai ita shan ruwan inabi, da aske kai, da kusantar gawa. Ke nan ƙarfin Samson ba abin da ya nema da guminsa ba ne, ajiya ce aka ba shi, kuma an ɗaure ta da sharaɗi.

Wurin da na fi so ku tsaya a kai ƙaramin wuri ne da masu ba da labarin kan tsallake. A hanyarsa ta zuwa Timna, inda ya ga wata Bafilistiya ya nace sai an aura masa ita duk da iyayensa sun tambaye shi ko babu mace a cikin danginsa, zaki ya taso masa, ya yayyage shi da hannu. Bayan wani lokaci da ya sake bin hanyar, sai ya ratse don ya duba mushen, ya tarar ƙudan zuma sun yi saƙa a ciki. Ya sa hannu ya ɗebo, yana tafe yana lasa, har ya kai wa iyayensa suka sha, amma bai gaya musu daga inda ya ɗebo ba. Ku lura da abin da ya biyo baya: babu abin da ya same shi. Ƙarfinsa bai ragu ba, ba wanda ya sani, zumar ma ta yi zaƙi. A ganina tun daga ranar nan aka fara aske Samson, domin a nan ya koyi cewa ana iya taɓa abin da bai kamata ba, a ɓoye wa na gida, a kuma kwana lafiya.

A wurin bikin auren ya yi wa samari 30 kacici-kacici a kan zakin da zumar, aka sa caca a kan tufafi. Da suka kasa warwarewa sai suka tsorata amaryar, suka ce za su ƙone ta da gidan mahaifinta idan ba ta tatso musu amsa ba. Ta yi ta kuka tana cewa ba ya ƙaunarta, har a rana ta 7 ya gaji ya faɗa mata, ita kuwa ta kai wa mutanenta. Samson bai jahilci abin da ya faru ba, shi da bakinsa ya ce musu da ba su yi huɗa da karsanarsa ba da ba su gane ba. Ya gano ƙofar da ake shigo masa sarai, amma maimakon ya toshe ta, sai ya tafi Ashkelon ya kashe mutum 30, daga baya ya ɗaure wa diloli 300 wuta a wutsiya ya ƙone gonakin Filistiyawa. Ƙarfi ya biya masa bashin da wauta ta ci, shi ya sa bai ji zafin da zai sa ya gyara ba.

To, ga Delila ta kwarin Sorek. Nassin ya ce Samson ya ƙaunace ta, bai ce ita ta ƙaunace shi ba. Sarakunan Filistiyawa, waɗanda suka san da ɗan gari akan ci gari, suka yi mata alkawarin azurfa 1,100 daga kowannensu, kuma idan dukkan sarakunan manyan biranensu 5 ne suka zo, wato Gaza da Ashdod da Ashkelon da Gat da Ekron, kuɗin ya kai 5,500. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne matar nan ba ta yi wani ɓoye-ɓoye ba. Kai tsaye ta tambaye shi da me za a ɗaure shi a rinjaye shi. Ya ce ɗanyun tsarkiyoyin baka guda 7, sai ya gan su a jikinsa, tana kiran Filistiyawa sun auko. Ya ce sababbin igiyoyi, ya tarar da igiyoyin. Ya ce a saƙa tukkwayen kansa a masaƙa, aka saƙa. Sau 3 ya furta abu, sau 3 ya ga an aikata shi a kansa, amma ya ci gaba da komawa ɗakin nan yana ɗora kansa a cinyarta. Kuma ku duba yadda amsarsa ta uku ta riga ta kai ga gashin, wato ƙaryar tasa tana matsowa kusa da gaskiya sannu a hankali. Ba rashin wayo ya zaunar da shi ba. Abin da ya zaunar da shi shi ne kowace igiya da ya tsinke ta ƙara tabbatar masa cewa ba za a taɓa iya masa ba.

Ban gane wannan ba sai da na yi irinsa. A ƙuruciyata yaron wani attajiri ne ni a harkar hatsi, ina zuwa kasuwannin ƙauye da kaka in sayo masa gero da dawa da wake a ajiye zuwa bazara. Allah ya ba ni ido da riƙe lissafi: in na damƙi hatsi na murza a tafin hannu na san ko ya bushe, in na ɗaga buhu na san ko an rage tiya, kuma ba na rubutu amma ba na manta ko sisi. Maigidana ya yarda da ni har ya daina ƙirga abin da na dawo da shi, dillalai kuwa sukan sa a loda mini kaya a kan magana kawai. Ina da aboki da muke cin abinci kwano ɗaya, mutum mai daɗin hira, wanda ya fara da tambayar wace kasuwa ce kaya suka fi araha. Na faɗa masa, ranar kasuwar da ta biyo na isa na tarar wasu mutanensa sun riga ni sun kwashe. Na gane ta bakinsa maganar ta fita, amma sai na yi dariya, na ce ai na san wuraren da bai sani ba, na je can na cike lodina. Maigida bai ji komai ba.

Daga nan ya nemi in ara masa wani abu daga kuɗin maigida, ya juya kafin kasuwa ta zagayo. Da na nuna shakka sai ya ɓata rai, ya ce ashe duk zaman da muke yi ban ɗauke shi ɗan'uwa ba. Na ba shi. Ya saɓa lokaci, na toshe ramin da ɗan abin da nake tarawa da ribar wani ciniki, lissafi ya fita daidai, na kwana ina yabon dabarata. Wannan yabon kai shi ne ya cuce ni, fiye da abokin. Aron ya riƙa maimaituwa yana girma, kowane karo yana zuwa a makare ko a gutsure, ni kuma ina rufewa, har kakar da ya karɓi abin da ya fi rabin jarin da ke hannuna. Da na je karɓa ya dube ni a gaban mutane ya ce yaushe muka yi haka, wa ya gani, ina takarda. Daga baya na ji shi ne ma ya fara kai wa maigidana labari cewa ina wasa da dukiyarsa.

Akwai aya ɗaya a labarin Samson da ba na iya karantawa ban dakata ba, wato aya ta 20 a babi na 16. Bayan ya fallasa mata dukan zuciyarsa, ta lallashe shi ya yi barci, aka aske tukkwayen 7, sai ya farka yana cewa zai fita kamar yadda ya saba ya kuɓuce, bai san Ubangiji ya rabu da shi ba. Ni ma haka na shirya na tafi kasuwa a makon da asirin ya tonu, ina lissafin zan ɗauki kaya bashi in juya in mayar da kuɗin kafin magana ta yi nisa. Na zaɓi buhuna, na kira 'yan dako, har sun sunkuya za su ɗauka, sai dillalin da ya san ni tun ina riƙe wa manya jaka ya ɗora ƙafarsa a kan buhun farko, bai ko dube ni ba, ya ce, "Ɗan nan, yau sai kuɗi hannu." Idona na sanin hatsi yana nan, lissafina yana nan, amma abin da ke ɗaga kaya a kasuwar nan ba su ba ne, yarda ce, kuma ta tafi ban ji fitarta ba. Gara ta daɗe tana cin azarar, ni kuwa ina kallon shafen ɗakin ina cewa ƙalau yake.

Don haka abin da nake roƙonku shi ne kada ku auna haɗari da ko kun tsira a karon da ya wuce. Ku auna shi da abin da mutum ya yi da ƙaramin sirrin da kuka ba shi. Idan kun faɗa wa wani magana ku biyu, kuka tsince ta a bakin na uku, to kun riga kun ga igiyar farko, ba sai kun jira ta biyu ba, kuma ba dole ne a yi faɗa ko gaba ba, a dai rage abin da ake zubawa a kunnensa, tunda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ku kuma yi hattara da duk wanda ya mayar da ƙauna ko zumunci abin ciniki. Amaryar Timna ta ce ba ya ƙaunarta, Delila ta ce yaya zai ce yana ƙaunarta alhali zuciyarsa ba ta tare da ita, abokina ya ce ban ɗauke shi ɗan'uwa ba, kuma duk magana ɗaya ce. Wanda yake sonku da gaske ba zai sa sharaɗin sonsa ya zama ku saki amanar da wani ya damƙa muku ba. Wannan hali ba na mata ba ne, ba na maza ba ne, na duk wanda aka yi wa alkawarin azurfa ne a bayan idonku.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a makare. Samson ya shugabanci Isra'ila shekara 20, amma ba a taɓa nuna shi yana jagorantar runduna ko yana neman shawarar wani ba. Gidiyon da Barak, jagororin Isra'ila da suka gabace shi, sun tara mutane, shi kuwa kullum shi kaɗai ne, ko a Lihi inda ya kashe mutum 1,000 da muƙamuƙin jaki, mutanen Yahuza 3,000 ne suka ɗaure shi suka miƙa shi. Mai baiwa yakan faɗa cikin wannan kaɗaici ba tare da ya sani ba, domin mutane suna ganin ya iya sai su daina tambayarsa, shi ma ya daina ba da bayani. Ranar da maigidana ya daina ƙirga kuɗin da nake kawowa na ɗauka girma aka ba ni, ashe katanga aka cire mini. Da ina da hankalin yanzu, da ni zan roƙe shi ya ci gaba da ƙirgawa. Ku nemi mutum ɗaya, mahaifi ko yaya ko malami, wanda ba ya jin nauyinku, wanda zai iya tambayarku daga ina zumar nan ta fito, ku kuma saba da ba shi amsa ta gaskiya tun abin yana ƙarami.

Wasu sukan yi saurin zuwa ƙarshen labarin don su sami sanyi a rai, su ce ai gashin ya sake tsirowa. Gaskiya ne ya tsiro, kuma a haikalin Dagon, gunkin Filistiyawa, inda mutum wajen 3,000 ke kan rufi suna kallonsa ana yi masa ba'a, Samson ya roƙi Allah ya tuna da shi sau ɗaya tak, ya ture ginshiƙai biyu da ke riƙe da ginin, waɗanda suka mutu tare da shi suka fi waɗanda ya kashe a dukan rayuwarsa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa a Sabon Alkawari ma ta ambace shi cikin masu bangaskiya, don haka ba ni da bakin cewa wanda ya faɗi ba ya tashi. Sai dai idanunsa da Filistiyawa suka ƙwaƙule bayan sun kama shi ba su dawo ba, kuma mutumin da ya taɓa ciccibar ƙofofin Gaza a kafaɗa sai da ya roƙi yaron da ke riƙe da hannunsa ya kai shi inda ginshiƙan suke. Idan a cikinku akwai wanda ya riga ya taɓa abin da aka ba shi ajiya, ya je da ƙafarsa ya faɗa wa mai abin yau, kafin wani ya riga shi, domin kunyar da za a ji a ɗaki tsakanin mutum biyu ba ta kai wadda za a ji a tsakiyar kasuwa ba. Ni na jira har aka riga ni. Na sayar da gonar da na gada, na yi awo a bakin kasuwa da mudu har na biya kuɗin duka, maigidana ya yafe mini, muna gaisawa har ya rasu, amma bai sake damƙa mini jarinsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.