Rabin Maki

Talata. Da farin ciki na tashi yau. Ruwan da aka kwana ana yi ya kwantar da ƙurar layinmu, Umma ta dama kunun gyaɗa, Auta kuma ya samo ƙosai mai zafi tun kafin mutane su yi yawa. A makaranta ma yaran ajina sun ba ni haɗin kai.

Ana tashi tara saƙo ya shigo wayata, sakamakon IELTS, jarrabawar gwajin Turanci ta masu neman karatu a waje, ya fito. Sauraro 7.5, karatu 7, magana 7, rubutu 5.5, jimla 7. Bakwai ɗin jimlar idona ya fara sauka a kai, na yi hamdala, har na miƙe zan je ofishin malamai in yi wa Anti albishir. A bakin ƙofa na tuna abin da ke cikin takardar da jami'ar ta aiko mini daga Ingila: gurbin digiri na biyun da suka ba ni na sharaɗi ne, sai da 6.5 a jimla, kuma kada ko ɓangare ɗaya ya gaza 6. Na koma na zauna. Duk sauran sharuɗɗan na cika. Digiri mai daraja ta biyu babba suke so, wato daga 3.50 cikin 5 a lissafin jami'o'inmu, nawa ya haura haka. Takardar makin kwasa-kwasaina da na yi wata uku ina sintiri a kanta ta isa gare su. Malamaina biyu sun rubuta shaida. Rabin maki kawai ya tsaya mini a wuya.

Ban gaya wa kowa ba har bayan magariba. Baba na kan tabarmarsa a ƙofar ɗaki, rediyo a gefe, ya hango ni ina neman shigewa.

"Uwata, zo nan. Yau ba ranar sakamako ba ce?"

Na durƙusa na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Da na yi masa bayanin sharaɗin sai ya kashe rediyon, abin da ba ya yi ko baƙo ya zo.

"Tun aji huɗu na firamare da Turanci ake koya miki komai. Uku can, shida a sakandare, huɗu a jami'a. Shekara goma sha uku ke nan. Kundin kammala digirinki da wane harshe kika rubuta shi?"

Na ce da Turanci, Baba.

Ya aiki Auta ya ɗauko tsohuwar jakar fatar nan da yake adana takardunmu. Ya zaro sakamakon WAEC ɗina, ya ɗora yatsa a kan B3 ɗin Turanci, ya ce wannan fa? Na gaya masa akwai jami'o'in Ingila da dama da ke karɓar C6 zuwa sama a madadin IELTS, amma kwas ɗin da nake nema ba ya cikinsu. Ya ce to ashe kowa na duniya sai ya yi jarrabawar. Na ce a'a, akwai jerin ƙasashen da ake ɗauke wa 'yan ƙasarsu wannan sharaɗi wajen neman bizar karatu, irin su Amurka da Kanada da Jamaika da Barbados da Malta, ƙasashen da aka ce Turanci ne harshen akasarin jama'arsu. Nijeriya ba ta ciki, duk da cewa da shi muke aikin gwamnati da kotu da makaranta. Ya daɗe bai ce komai ba. Na san abin ya sosa masa rai, ni ma yana sosa mini.

Amma ba zan iya barin sa da zaton an cuce ni ba, don na san abin da ya faru a ɗakin jarrabawa. Awa ɗaya ake bayarwa ga rubutu biyu. Na farko bayanin jadawali ne ko zane, kalma 150 aƙalla, ana so a gama shi cikin minti ashirin. Na biyu muƙala ce mai kalma 250 aƙalla, makinta kuma ya ninka na farkon. Ni rabin awa na kashe a kan jadawalin ina gyara jimla ina sake ta. Da na zo muƙalar sai na buɗe da doguwar shimfiɗa, manyan kalmomi jere, kafin in kama ainihin tambayar lokaci ya cinye. Ko rufewa ban yi ba. Su kuwa masu dubawa abin da suke nema shi ne ka amsa abin da aka tambaya, hujjojinka su bi juna, sannan a duba kalmomi da nahawu.

Ina faɗin doguwar shimfiɗa na yi da-na-sani, domin shi ya koya mini ita. Shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci, kuma duk muƙalar da na taɓa rubutawa a gidan nan ta bi ta ƙarƙashin jan bironsa.

Ya cire tabarau ya ce, a hankali, "Ke nan ni aka kayar, Uwata."

Maganar nan ce ta hana ni barci. Na ce masa wallahi ba haka ba ne, bakwai da rabin sauraro da bakwai ɗin magana daga ina na same su in ba daga gare shi ba? Wa ke sa mu sauraron labaran Turanci da safe mu maimaita masa da Hausa? Ya gyaɗa kai kawai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka yi masa ritaya.

Umma ta leƙo ta ce tuwo na hucewa. Ba wanda ya motsa.

Can sai ya tambayi mafita. Ana iya neman a sake duba takarda cikin mako shida, da kuɗi. Akwai kuma tsarin sake rubuta ɓangare ɗaya kaɗai cikin kwana sittin ga wanda ya yi ta kwamfuta, in jami'a ta yarda da shi. In ba haka ba sai jarrabawar gaba ɗaya, kuɗinta kuwa ya fi albashina na wata biyu, wancan karon ma Yaya ne ya cika mini. Na aika wa jami'ar tambaya ta imel, shiru har yanzu.

Bayan isha'i ya sa na karanto masa ƙa'idojin dubawar ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a bayan wata tsohuwar kalanda. Ya ce gobe bayan asuba zai ba ni tambaya, minti arba'in cif da agogonsa, kuma duk jimlar da ba ta amsa tambaya ba zai soke ta ko da shi ya koya mini ita.

An ɗauke wuta. Kwanon tuwona na nan a rufe. Ta taga ina hango hasken tocilarsa, yana laluben jan biro a cikin jakar.