Talata: tambayar biri ta sake dawowa

Yau ma sai da ta fito. Ina tsakiyar darasin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, hannuna fari fat da alli, wani yaro a bencin baya ya ɗaga yatsa: "Mushe, wai da gaske kakanmu biri ne?" Aji ya kwashe da dariya. Na ce masa ko masanin nan Darwin bai faɗi haka ba a littafinsa na 1859 kan sauyin halitta. Abin da masana ke cewa, mutum da biri sun haɗa asali ne can da nisa. Sai na juya musu tambayar: me ya sa likita ya daina ba da nibakin in masassarar cizon sauro ta kama mutum? Tsit. Can wata yarinya ta ce, "Cutar ta daina jin sa." Na ce to ƙwayoyin da suka jure maganin su suka rayu suka hayayyafa, kun ga sauyin halitta ke nan a cikin gidanku.

A ɗakin malamai gardama ta kaure. Malamin lissafi ya ce in daina buɗe wannan ƙofa, jarrabawar bak na tafe, a karanta abin da ke cikin tsari kawai. Wani kuma ya ce a bar yara su ƙi yarda in sun ga dama, ai ko a Amurka jihar Tenesi ta yi doka a 2012 da ta ba malamai damar kawo suka kan waɗannan darussa. Ni ban bi ko ɗaya ba. Yaron da aka hana tambaya haddace zai yi ya zubar bayan jarrabawa. Amma "ban yarda ba" kaɗai ba hujja ba ce, sai ya kawo abin da ya dogara da shi, mu auna tare.

Da magariba na biya ta Birni gaida Kawu. Ina ba shi labari har na gangaro kan canjin yanayi, ya ajiye kofin shayi.

"Kai yaro, ruwa na Allah ne."

"Haka ne, Kawu. Mu dai awo muke yi."

Na ce masa iskar kabon da ke sama ta tashi daga wajen 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, yanzu ta haura 420. Lissafin bai dame shi ba. Shi farin 1984 ya tuno, da tsohon masallacin da ruwa ya rushe a 2024. Na so in ce masa ruwan dare ɗaya ba ya tabbatar da canjin yanayi, sai an tara na shekaru, amma na ga idonsa ya kawo ruwa, na yi shiru. Shi da kansa ya ƙara da cewa gero a gindin gawo ya fi kyau, kuma ba a lakwal ya koya ba.

Yaron nan na ba shi zuwa Alhamis ya kawo hujjarsa a rubuce. Takardu arba'in na jira na ban gyara ba, ga wuta an ɗauke.