Abin da na koya a imajensi kafin a ɗauke ni

Ƙarshen watan nan zan bar imajensi, an mayar da ni wodin mata, duk wanda muka yi aiki tare ya san dalili. Amma akwai abin da nake so ƙannenmu sababbin nas su riƙe.

Wanda aka kawo daga hatsari ya bugu a kai amma yana magana tsaf, yana cewa shi lafiyarsa ƙalau a sallame shi, wallahi shi ya fi ba ni tsoro. Akwai jijiyar jini a gefen kai, saman kunne, in ƙashin wurin ya tsage ta fashe jinin taruwa yake yi a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, mutum ya suma ya farfaɗo ya yi ta hira da 'yan'uwa, bayan wasu awanni barci ya ɗauke shi, shikenan. Haka aka yi da wani yaro ɗan acaɓa. GCS ɗinsa, wato ma'aunin yadda mutum yake cikin hayyacinsa, 15 ne cif, mafi girma, da aka shigo da shi, amma yana ta amai yana kukan ciwon kai. Na ce wa oga a yi masa CT, wato hoton cikin kai, a kwantar da shi mu sa ido. Ya kalle ni a gaban mutane ya ce "Sista, ke ce likitan ko ni?" Aka ɗinke masa rauni aka sallame shi. Da asuba suka dawo da shi a adaidaita, ƙwayar idonsa ɗaya ta buɗe, kafin a samo likitan tiyatar ƙwaƙwalwa rai ya yi halinsa. Kwana ya ƙare, na yarda. Amma da aka zo bincike ni aka ba takardar tuhuma, wai ban sanar ba. Allah ya so na rubuta a folda, da lokaci da sa hannuna. Duk da haka oga yana nan kan kujerarsa, ni aka ɗaga.

To ku rubuta komai ko oga zai ji haushi. Ku riƙa maimaita GCS da duba ido akai-akai, na farko ba ya wadatarwa. Jini ko ruwa daga kunne ko hanci ba ƙaramin abu ba ne. Ku kula da wuya wajen ɗaga mutum. In aka ce sai an biya kuɗi tukuna, dokar lafiya ta 2014 ta hana a ƙi duba majinyacin gaggawa. Hular kwano kuwa tun 2009 Road Safety suka ce dole ce, amma da wuya ka ga an kawo mana ɗan babur da ita a kansa.